Rumbun Gandu na Rufe

Talata, da hantsi

Wata mota ta sauko daga Ramin Sa'a, garin masu haƙar zinari can arewa. Na bar tukunya bisa wuta na nufi tasha, 'yata Firdausi na bina da mayafi. Na tsaya har aka sauke mutum na ƙarshe da buhu na ƙarshe. Baban Firdausi ba ya ciki.

Kayan da ke cikin motar sun fi mutanen ba ni tsoro. Kwanon rufi, injin niƙa dutse an kwantar da shi an ɗaure, firjin mai ruwan sanyi, har ƙofar masallaci na gani, koriyar nan, na san ta. Mai zuwa ganin gida ba ya ɗauko ƙofa. Garin ne ake kwashewa.

Gwamna direba ya hango ni ya sunkuyar da kai. Shekara biyu yana cin tuwona a can bai taɓa jin kunyar neman ƙari ba, yau shi ne mai kunya.

"Bilki, na yi mishi magana," ya ce. "Ya ce in gaishe ki."

"Gaisuwa na aike ka ɗaukowa?"

"Shina nan lahiya lau. Shina haƙa."

Ai na san yana haƙa.

Talata, bayan la'asar

Malamar da ta koya mana karatun manya ta ce in abu ya cika wa mutum ciki ya rubuta. To bari in rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba.

Rami ya rufta da yaron nan, ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba. An yi haƙa har aka gaji. Malaman can suka ce inda yake nan ne kabarinsa, aka yi masa salla. Mu ma nan Madarumfa aka yi zaman makoki aka tashi. Kowa ya karɓa ban da ubansa. Ya sa sabon rami daga gefe, wai zai iske shi ta ƙarƙashi ya fito da shi, ya yi masa sutura ya kwantar da shi yana duban gabas kamar kowane Musulmi. Mahaƙin rijiya ne tun kafin a san zancen zinari, babu mai iya ce masa ba haka ake yi ba.

Ɗaya na rasa. Ba na son su zama biyu.

Alhamis, da safe

Na karkaɗe rumbuna yau, na gamanata, 'yar gonar da nake nomawa don kaina. Abin da ya fito bai cika ƙwarya ba.

Babban rumbun gandu yana nan bayan ɗaki, cike. Da kaka Baban Firdausi ya zo ya yi girbi, ya jera dammuna, ya zaɓi zangarkun iri ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure su daban ya ɗora a sama, ya kifa jinka ya koma arewa. Haka ake yi tun kakanni. Da rani mace ta ci da kanta da 'ya'yanta daga gamanarta, rumbun gandu kuwa sai ruwa ya sauka, kuma wanda ya rufe shi ke buɗewa. Mace ko leƙawa ba ta yi. Na sha zagin wannan al'ada a bakin rijiya, na ce maza ne suka ƙirƙiro ta don su yi barci da rani. Bana ita ce kaɗai abin da nake riƙe da shi.

Na aika masa saƙon murya. Ban yi kuka a ciki ba, ban ce komai kan haƙa ba. Na ce hadari ya fara haɗuwa ta wajen Gabi, rumbu na rufe, iri na ciki, babu mai buɗewa sai shi. Mutumin da bai taɓa barin gonar ubansa ta kwana ba shuka ba, in wani abu zai taso shi daga bakin ramin nan, wannan ne.

Juma'a, bayan azahar

Ba amsa.

Lahadi, da hantsi

Na wayi gari da tunanin Ramin Sa'a. Abin haushi, na so garin nan, Allah ya gani.

Ranar da muka fara isa, bayan kwanaki a mota can gaba da Agadas, na ce wa Baban Firdausi ka kawo ni lahira tun da raina. Ba itace ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe, rumfunan buhu da leda iya ganinka. Amma kafin wata ya ƙare na san kowa. Layin 'yan Maradi daban, na Zabarmawa daban, 'yan Cadi da Sudan can wajen injina. Na kafa tukunyata kusa da mai burodi. Dambun zogalena har Larabawa na aiko a saya musu. In wani ya dace da jijiyar zinari mai kyau, ba sai an faɗa ba, za ka ga ya sayi agogo ya ɗaura bisa hannun riga don kada a rasa gani. Akwai wanda ya sayi tabarau uku rana ɗaya, yana sauyawa bayan kowace salla.

Yaron nan bai sayi agogo ba. Atamfa ya sayo, ya ba Firdausi ta miƙa mini, don ya san ba zan karɓa daga hannunsa a gaban mutane ba. Na ce a aje can. Ko na gode ban ce ba, haka aka koya mana. Tana cikin akwati, ban kai wa tela ba.

Tun ina can abin ya fara ja baya. Ramuka suka yi ta zurfi, abin da ke fitowa yana raguwa. Sai labari ya zo an sami wani wuri gaba, masu ƙarfi suka bi. Waɗanda suka rage suka koma tsofaffin ramuka suna sassaƙar ginshiƙan da na farko suka bari don su riƙe ƙasa. Ba zan ƙara komai kan wannan ba.

Bara na dawo gida don Inna Inde, uwar mijina, ƙafafunta sun ƙi. Da ina can yau, da na kama masa riga na ja shi har cikin mota.

Litinin, bayan magariba

Saƙonsa ya shigo. Muryar ta dushe, iska na kaɗawa a bayansa.

"Bilki, na ji. Ku yi haƙuri kaɗan. Na kusa. Ƙasar ga ta hwara laushi, alama ce na kai tsohon ramin. Mai burodi ya tahi. Juma'ar da ta wuce ba mu cika sahu guda ba, azahar muka yi. Ki gaida Inna."

Na saurara har batir ya mutu. Bai ambaci rumbu ba. Amma ya ce na ji, kuma shi ba ya cewa ya ji abin da bai shige shi ba.

Laraba, da safe

Garba, ƙanen Baban Firdausi, ya shigo da tiya biyu na gero a cikin buhu. Garba mutumin kirki ne, irin kirkin da ke sa ka rasa inda za ka sa kanka.

"Matar yaya, ga iri nan. In ruwa ya zo ni da yarana mu yi muku shuka."

"Irinmu daban ne, Garba. Na yayanka mai dogon kai ne."

"To a shuka wanga mana, da babu ai."

"Mu jira shi."

Ya tsaya yana dubana kamar na yi masa Faransanci. Na ce ya mayar, shi ma gidansa baki goma ne. Geron kuwa ko na ci ban karɓa ba, don na san Garba, in na karɓa yau gobe zai aika wa yayansa cewa ya kwantar da hankalinsa, gida lafiya. Ba na son hankalinsa ya kwanta.

Juma'a, da la'asar

Zogale da garin rogo da rana. Jiya ma haka. Na sayar da dambu a bakin tafki, masunta suka ba ni 'yan ƙananan kifi. Tafkin ya ja baya sosai, sai ka yi tafiya cikin busasshen laka kafin ka taɓa ruwa.

Lahadi, da asuba

An yi ruwa.

Lahadi, da hantsi

Ruwan shuka ne, ba na wasa ba. Na tona da hannu a tsakar gida, laima ta wuce tsawon yatsuna. Tun kafin rana ta fito garin ya watse, kowa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙore a ka, har jakuna sauri suke. Unguwar ta yi tsit, daga ni sai Inna sai kaji.

Na zauna bakin ƙofa ina tsinkar zogale. Ƙanshin ƙasa ya hana ni sakat. Ban taɓa zama a gida ranar shuka ba, ko shekarar da nake da tsohon cikin Firdausi sai da na bi layi.

Inna Inde ta kira ni daga kan tabarmarta.

"Ke Bilki, zo nan. Kin ɗauka ban gane abin da kike yi ba?"

Na je na tsuguna gefen tabarmar.

"Ni na haihe shi. Kuka ba ya tada shi, roƙo ba ya tada shi. Kunyar a ce gonar ubanshi ta kwana, ita ka tada shi. Ki riƙe. Kada ki bari Garba ya karya ki."

"Inna, ke hwa? Ganye kike ci."

"Na ci ganye a shekarun da ba a haihe ki ba. Mubarak ya tahi, Allah ya jiƙan shi. Alhassan nika so in gani da idona."

Ta faɗi sunayen biyu a jere, na ɗana da na mijina, hankalinta kwance. Na tashi na shiga ɗaki.

Litinin, bayan azahar

Na ɗauki hoton gonar na aika masa. Ta Garba a dama an shuka, ta maƙwabta a hagu an shuka, tamu a tsakiya ko sawun mutum babu. Ban haɗa da magana ba.

Laraba, da yamma

Mata a bakin rijiya sun fara. Wata ta ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wata ta ce girman kai ne na waɗanda suka ci kuɗin zinari. Na ce mata in ta ga inda na aje shi ta nuna mini mu raba. Aka yi dariya, na ɗauki tuluna.

Shukar mutane ta tsiro.

Alhamis, da safe

Gwamna ya biyo kafin ya ɗau hanya. Ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Motar ruwa ta daina zuwa, mai ita ya ce man mota ya fi ruwan tsada ga mutum ashirin. Mai wifi ma, wanda ta wurinsa ake samun aika saƙo, ya ce a zo a kwashe shi da kayansa. Bayan wannan ba mota, ba waya.

"Mi za ki ba ni in kai mishi?"

Na riga na daka ƙuli-ƙuli, na shanya zogale, na ƙulle su tun jiya. Na dubi ƙullin a bayan ƙofa.

"Ba komi. Ka ce mishi abincinshi na gida."

Gwamna ma ya dubi ƙullin, ya dube ni. Na san abin da yake tunani. Guzuri kwana ne, in na aika masa na mako biyu, mako biyu zai ƙara.

Asabar

Inna ta kwana da gudawa. Ta ce kada in faɗa wa kowa.

Lahadi, bayan la'asar

Garba ya shigo gaida Inna ya iske ta ba ta iya tashi zaune. Ya buɗe kwanon da ke gefenta ya ga abin da ke ciki. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya fita ya dawo da fura daga gidansa, ya tallafo ta yana ba ta da ludayi, hawaye na bin gemunsa. Inna na ce masa ita lafiyarta ƙalau, ya bar mata da sha'aninsu.

Da zai tafi na bi shi zaure.

"Garba, don Allah kada ka yi mishi magana. Kwana kaɗan ya rage."

"Uwata ce, matar yaya."

Na so in bayyana masa duka. Na rasa ta inda zan fara ce wa mutum ina barin uwarsa da yunwa da saninta. Na bar shi ya tafi.

Talata, da hantsi

Sun buɗe.

Talata, bayan isha'i

Garba ya zo da safe da tsani da fara'arsa, waya a hannu. Ya kira liman da maƙwabta biyu su zama shaida, don kada a ce ya shiga rumbun yayansa da ka. Ya kunna saƙon kowa ya ji.

"Garba, na ji. Buɗe. Ka ba Inna, ka ba Bilki, ka shuka gonar. Irin na sama, wanda na ɗaure da jan ƙyalle. Allah shi yi maka albarka."

Shi ke nan. Liman ya ce alhamdu lillahi. Aka ɗaga jinka, ƙanshin geron bara ya cika gidan. Firdausi na tsalle. Maƙwabta na yi mini barka, wai wahala ta ƙare.

Na ce Garba ya kunna mini abin da shi ya aika. Ya kunna, yana jin daɗin kansa. Ya faɗi halin da Inna ke ciki, ya nemi izini. A ƙarshe ya ce, "Yaya, kada ka damu da gida. Ni na ɗauke maka. Ka tsaya ka ƙare abin da ya tsaishe ka."

Na dubi Inna. Ta juya fuskarta bango.

Na yi tuwon gero da dare ya yi, kowa ya ci ya ƙoshi. Ni ma na ci, ba zan yi ƙarya ba, yunwa nake ji.

Alhamis

Wayarsa ba ta shiga. Na san dalili, amma na gwada.

Asabar, bayan azahar

Gwamna ya iso. Ban ruga ba wannan karon, tafiya na yi. Mai wifi na gani a saman kaya rungume da farantinsa na kama sabis, da wasu tsofaffi biyu, da akuya. Na tsaya duk da haka har aka gama saukewa.

Gwamna ya ja ni gefe, bayan motar.

"Bilki, ban san ko in hwaɗa miki ba."

"Hwaɗi."

"Ya zo. Ranar da za mu taso, tun da sassahe ya zo da jakarshi da igiyarshi a naɗe. Ni da hannuna na ɗora su bisa. Ya nuna mini hoton gonar da kika aiko, ya ce Gwamna, dubi abin kunya. Ya ce za ya je ya shuka, in an yi noman hwari ya san yadda za ya komo. Sai ya ce bari ya je wurin mai wifi kahin ya kwance kaya, ya shaida miki shina tahe."

Na ce to.

"Ya daɗe can. Da ya komo sai ya ce in sauko mishi da jaka. Ya ce Garba ya ɗauke mishi gida, babu sauran abin da za ya yi gaggawa a kai. Na roƙe shi, mutanen mota duka sun roƙe shi. Dariya ma ya yi, ya ce in kun komo kun iske mu mu biyu."

Ya ce sun bar masa bido huɗu na ruwa, manyan jarkokin nan, da abin da ya rage na shinkafarsu. Akwai wani tsohon Buzu mai awaki da ke da rijiya can bayan duwatsu, ya yi alkawarin zai riƙa leƙa shi. Ya ce da suka taso ya duba madubi, garin duk rumfuna ne ba rufi, leda na tashi, da mutum ɗaya yana tafiya da igiya a kafaɗa.

"Ya tambaye ni ko kin ba da saƙo," in ji Gwamna. "Na hwaɗa mishi abin da kika ce."

Ƙullin ƙuli-ƙulin yana nan bayan ƙofa. Da na sani da na ba shi.

Lahadi, da safe

Garba ya ji labari. Ya zo ya tsuguna a zaure, ya kasa shigowa. Na kai masa ruwa. Me zan ce masa? Uwarsa ya ciyar.

Inna na kwance tun jiya, fuskarta na bango.

Talata, da yamma

Hadari ta gabas. An ce ruwan gulbi ya iso daga Jibiya, tafki ya fara cika. Na sussuka irin, na sheƙe, na zuba a ƙwarya. Zangarkun dogaye ne, babu mai tsutsa ko ɗaya, Baban Firdausi ya iya zaɓe.

Laraba, bayan magariba

An yi ruwa da asuba, mun yi shuka. Na mutane ya kai tsawon hannu, mu yau muka fara.

Garba ne a gaba da sungumi yana sara, ni a baya ina zuba iri ina rufewa da dunduniya, Firdausi na bin layi na biyu. Tun aurena nake bin bayan mutum ɗaya a gonar nan. Dogo ne, takunsa mai faɗi, ƙafata ta saba da shi har ba na duban ƙasa, hannu ya saki iri, dunduniya ta rufe, in wuce. Garba gajere ne. Ban yi rabin layi ba Firdausi ta kira ni, ta ce Mama, kina zubawa inda ba rami. Na waiga. Geron na nan a fili bisa ƙasa, tsakanin ramukan Garba, daidai inda na babanta za su kasance.

Garba ya tsaya ya ce ko ya ƙara buɗe ƙafa.

Na ce a'a, ya yi tafiyarsa, ni zan koya. Na koma farkon layi na durƙusa ina tsince irin.